Wakili ne ya karɓa mini aure, yanzu ina son ɗauko matata zuwa Kanada

Sabon Ango:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina zaune a birnin Kalgari na Kanada, ina da takardar zama ta dindindin, ina aiki, ban taɓa karɓar tallafin gwamnati ba. Bara aka ɗaura mini aure, amma ban samu halarta ba don wurin aiki ba su ba ni hutu a lokacin ba, sai yayana ya tsaya mini wakili. Daga baya na je muka tare, hutuna ya ƙare na dawo. Yanzu na fara haɗa takardun ɗaukar nauyinta domin ita ma ta samu zama na dindindin, sai wani abokin aikina ya ce in dakata, wai hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ba ta karɓar auren da ango bai halarta ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina mafita? Hankalina a tashe yake, don na riga na ce mata ta fara shiri.

Ɗan Gari:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ango. Kwantar da hankalinka. Wa zai gaya musu ba ka nan? Takardar aure na ɗauke da sunanka da nata, hotunan da kuka ɗauka da ka je suna nan. Haɗa ka tura abinka. Jami'in da fayil ya yi masa tsibi a gaba ba shi da lokacin binciken wanda ya zauna a wurin ɗaurin aure da wanda bai zauna ba.

Antin Toronto:
Haba Ɗan Gari, don Allah kada ka jefa yaron nan a rami. Fasfonsa ne zai gaya musu. Ranar auren tana rubuce a takarda, hatimin shiga da fita yana cikin fasfo, kuma tun 2020 Kanada ke ajiye bayanan duk wanda ya fita ƙasar ta jirgin sama. Fom ɗin IMM 5532 da su biyun za su sa wa hannu yana tambayar ranar biki, wurin da aka yi, da yawan waɗanda suka halarta. In ya rubuta yana can alhali a ranar yana bakin aikinsa a Kalgari, ba sai jami'i ya yi wani dogon bincike ba.

Kuma ka san wa zai fi shan wahalar? Ita yarinyar. Sashe na 40 na dokar shige da fice ya ce duk wanda aka kama da ba da bayanin ƙarya ko ɓoye abin da ya shafi hukunci, an haramta masa shiga Kanada shekara 5. Ita ce mai nema, a kanta haramcin zai faɗa. Ko da an yi sa'a an wuce yanzu, maganar ba ta mutu ba, ana iya tono ta bayan ta samu takardar, har lokacin neman zama 'yar ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙanena, abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya. Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarta da jikinsa ba, ko ta wakili aka yi, ko ta waya, ko ta intanet, ko da kuwa auren halastacce ne a ƙasar da aka ɗaura shi. Sojojin Kanada da aiki ya hana su zuwa ne kawai aka yi wa sassauci.

Ɗan Gari:
To Anti, ni abin da ke ba ni haushi ke nan. Aure ya cika sharuɗɗansa, akwai waliyyi, akwai shaidu, an ba da sadaki, iyaye sun sa albarka, sai wani ya zauna a Otawa ya ce ba aure ba ne. Wannan adalci ne? Mutum na biyan haraji kamar kowa, a ce matarsa ba matarsa ba ce.

Malam Na Otawa:
Ɗan Gari, ɓacin ranka yana da tushe, ba zan ce ba shi da shi ba. Amma mu raba abu biyu. Ba cewa suka yi auren bai ɗauru ba. Cewa suka yi ba za su ba da takardar zama a kansa ba. Hujjar da gwamnatin lokacin ta bayar, sa'ilin da Chris Alexander ke ministan shige da fice, ita ce auren dole: in mace ba ta wurin, da wuya a tabbatar da yardarta aka yi. A lokaci guda suka ɗaga mafi ƙarancin shekarun matar da za a ɗauki nauyinta daga 16 zuwa 18. Ni ina ganin dokar ta yi faɗi da yawa, ta haɗa da mutanen da ba su da laifin komai kamar wannan bawan Allah. Amma ganin doka ta yi tsauri daban, yi wa hukuma ƙarya da sa hannunka a ƙasa daban.

Sabon Ango, hanyoyin da ke gabanka, a iya sanina, su ne waɗannan. Ko dai ku sake ɗaura aure a gaban hukuma ku biyu kuna tsaye, a ba ku takarda mai sabuwar rana, sannan ka rubuta wasiƙa ka bayyana duk yadda aka yi tun farko, har da auren wakilin. A nan sai lauya ya duba maka ko dokar ƙasar da za a yi ta yarda waɗanda suka riga suka yi aure su sake ɗaurawa a rajista, don takardar da ba ta da inganci a can ba ta da inganci a nan. Ko kuma ku zauna tare a gida ɗaya wata 12 a jere, sai ka nema mata a rukunin abokan zama, wanda Kanada ke ba shi matsayi ɗaya da na ma'aurata a wannan harka. Na san sunan rukunin ba zai yi maka daɗin ji ba tunda matarka ce ta sunna, amma suna ne na takarda.

Sabon Ango:
Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Hanya ta biyun nan, a ina za mu yi zaman wata 12 ɗin? In na koma can na rasa aikina, kuma ba zan rasa takardata ba?

Malam Na Otawa:
Takardarka ba za ta tafi don shekara ɗaya ba, muddin lissafinka ya cika. Sharaɗin shi ne kwana 730 a cikin Kanada a cikin kowace shekara 5. Amma ka lura, mai zama na dindindin ba ya ɗaukar nauyin kowa yana wajen ƙasa. Sai ka dawo ka zauna sannan ka tura, kuma ka ci gaba da zama a nan har a gama. Wanda ya zama ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya turawa daga waje, shi ma sai ya nuna shaidar zai dawo idan an ba matar takarda. Ɗaya hanyar ita ce ita ta zo da bizar ziyara ku zauna a nan, tana sabunta izinin zamanta kafin ya ƙare. Sai dai bizar ziyara ga matar mazaunin Kanada ba ta da sauƙin samu, don jami'i na son ya gamsu za ta fita idan lokacinta ya cika.

Ɗan Gari:
Ai shi ya sa mutane ke cewa ziyarar ƙawa za su zo, ba sa ambaton miji.

Antin Toronto:
Shi ma ƙarya ce, kuma ita ce ta fi saurin tonuwa. Yau ta rubuta ba ta da aure a fom ɗin biza, gobe ta kawo takardar auren da ta girmi fom ɗin. Dokar da kanta ta yarda mutum ya zo ziyara yana kuma da niyyar neman zama na dindindin, sashe na 22 ne ya faɗi haka. Ba laifi ba ne ta ce wurin mijina zan je. A hana ta biza a kan gaskiya ya fi a ba ta a kan ƙarya, don na farkon ana sake nema, na biyun yana bin mutum.

Maman Amira:
Salamu alaikum. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ana ta maganar ango bai halarta ba, to amarya fa? Mu nawa ne a nan muka je wurin ɗaurin aurenmu? Waliyyi ne ke zuwa, ke kina gida sai dai ki ji an ce an ɗaura. Ke nan duk wadda ba ta zauna a wurin ba tana cikin wannan matsalar?

Malam Na Otawa:
Tambaya ce mai nauyi, Maman Amira. Lafazin dokar bai ware ango ba, cewa ya yi ɗaya ko duka biyun. Don haka shawarar da nake ba duk wanda bai riga ya yi ba ita ce, taron da takardar auren za ta fito daga gare shi ya kasance su biyun suna wurin, sun sa hannu da kansu, an ɗauki hoto. Wanda kuma ya riga ya yi, ya bayyana a rubuce yadda aka gudanar da shi, inda amarya take a lokacin, da yadda aka nemi yardarta, kuma ya nuna wa lauya kafin ya tura. Jami'an nan suna ganin aure iri-iri daga ko'ina a duniya. Ko auren da iyaye suka haɗa ba su hana ba, in dai da yardar juna ne.

Abin da suke aunawa a zahiri abu biyu ne: shin auren na gaske ne yanzu, kuma shin an yi shi ne musamman don samun takarda? Kafin 2010 sai an same ka da duka biyun ake ƙin fayil. Daga 2010 aka sauya, guda ɗaya ya isa. Shi ya sa tarihin farkon haɗuwa ke da muhimmanci ko da kun haihu.

Maman Amira:
Na gode Malam. Tunda an buɗe maganar, bari in kawo wadda ta fi damuna, don a irin wannan hira kullum ta ɓangaren mai ɗauko ake kallo, ba a kallon wadda aka ɗauko. Akwai wata 'yar'uwa da muke tare a gari ɗaya, ba zan faɗi fiye da haka ba. Mijinta ne ya kawo ta, ta samu takardarta. Da an ɗan samu saɓani sai ya ce shi ya kawo ta shi zai mayar da ita, waya ɗaya zai buga a soke takardar. Fasfonta da katinta suna hannunsa. Ba ta fita, ba ta zuwa ajin koyon harshe, ko likita sai ya ga dama. Ta yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, tsoro ya hana ta gaya wa kowa sai ni. Yana da wannan ikon?

Antin Toronto:
Ba shi da shi. Ki gaya mata yau, kada ki bari sai gobe. Daga ranar da ta zama mazauniya ta dindindin, takardar tata ce, ba aro ya ba ta ba. Miji ba ya soke ta, ko ya saki ko bai saki ba.

Na san inda wannan barazana ta samo asali. A watan Oktoban 2012 an kawo wani sharaɗi cewa waɗanda dangantakarsu ba ta wuce shekara 2 ba kuma ba su da ɗa tare, dole wadda aka ɗauko ta zauna da mijin shekara 2, in ba haka ba ta iya rasa takardarta. Ƙungiyoyin kare mata suka yi ta kuka cewa sharaɗin na ɗaure mata a gidan da ake cutar da su, a watan Afrilun 2017 aka soke shi gaba ɗaya. Shekaru ke nan da mutuwarsa, amma har yau wasu maza na tsorata matansu da shi, wasu da sani, wasu da jahilci.

Riƙe mata fasfo da kati kuwa ba haƙƙinsa ba ne, kayanta ne. Akwai cibiyoyin taimaka wa sababbin zuwa a kowane babban gari, kyauta suke aiki, kuma suna samo tafinta. In akwai duka ko tana jin tsoron ranta, lambar gaggawa ta 911 za ta kira, wannan ba ya taɓa takardarta. Ko wadda fayil ɗinta bai kammala ba, tana cikin ƙasar mijin ya janye, tun 2019 akwai izinin zama na wucin gadi da ake ba waɗanda aka ci zarafinsu a gidan aure, ba a biyan kuɗi a karon farko, kuma yana zuwa da damar neman izinin aiki.

Ba ina zuga kowa ta kashe aurenta ba ne, Allah ya sani. In gyara zai yiwu a gyara, a sa manya a ciki. Amma zaman da tsoron kora ne kaɗai ke riƙe da shi, ni ban kira shi zaman aure ba.

Baban Khalifa:
Anti, duk abin da kika faɗa na yarda, amma a yi wa maza adalci su ma. Na san wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya kawo mata, ba a rufa wata shida ba ta kwashe kayanta. Daga baya wasiƙa ta zo masa wai ya biya kuɗin tallafin da ta karɓa. Wannan fa? Shi ba a cuce shi ba?

Antin Toronto:
In da niyyar yaudara ta aure shi, an cuce shi ƙwarai, kuma hukuma na da hanyar kai irin wannan rahoto, su bincika. In sun tabbatar, ita ma sashe na 40 zai hau kanta. Amma hukuma ce ke yanke wannan bayan bincike, ba fushin miji ba. Kuma mu da muke waje ba mu san abin da ya faru a cikin ɗakin nan wata shidan ba.

Maganar kuɗin kuwa, abin da ya sa wa hannu ne. Mutane na cike fom ɗin IMM 1344 kamar wata takardar wucewa, alhali alkawari ne tsakaninka da gwamnati. Shekara 3 daga ranar da ta samu zama na dindindin, ci da sha, sutura, muhalli, da lafiyar da inshorar gwamnati ba ta biya kamar haƙori da ido, duk a wuyanka suke. Ko kun rabu, ko ka rasa aiki, ko ta koma wani lardi, alkawarin na nan. Duk dalar tallafin da ta karɓa a cikin shekarun nan bashi ne a kanka, kuma ba za ka sake ɗaukar nauyin kowa ba sai ka biya. Ba kuma za ka kawo wata matar ba sai shekara 3 ɗin sun cika. Ita ma an ɗaure ta ta wani gefen: tun 2012, wadda aka kawo ta hanyar aure ba ta ɗaukar nauyin sabon miji sai ta cika shekara 5 da samun takarda.

Ni a ganina wannan alkawari bai saɓa wa abin da muka sani game da aure ba. Ciyarwa da tufatarwa da ma suna kan miji. Abin da ba ya cikin takardar shi ne mallakar mutum.

Baban Khalifa:
Ban ƙi ba. Amma ku na Kanada kuna cikin sauƙi. Mu a Ingila tun Afrilun 2024 sai kana samun fam 29,000 a shekara kafin ka kawo mata, da can 18,600 ne. Sai ta ci jarrabawar Turanci kafin ta taso, kuma ba zama na dindindin ake ba ta kai tsaye ba, sai ta yi shekara 5 ana sabuntawa ana biya. A cikin shekarun nan in aure ya mutu bizarta na cikin haɗari.

Ummu Yasir:
Mu ma a Amurka in auren bai kai shekara 2 ba lokacin da aka ba da katin zama na dindindin, na sharaɗi ake bayarwa mai shekara 2, sai an sake nema a cire sharaɗin. Alkawarin ɗaukar nauyin kuma saki ba ya kashe shi, yana nan har sai ta zama 'yar ƙasa ko ta tara aikin kusan shekara 10. Don haka kowa ya tambayi dokar inda yake, kada a ɗauki ta wata ƙasa a ɗora wa wata.

Malam Na Otawa:
Haka ne. A Kanada ba a sa wa mai ɗaukar nauyin mata ko miji wani adadin albashi ba, sai a yanayi ɗaya da ba kasafai ake samu ba, wato in ɗan da ke tare da ita shi ma yana da ɗa. Abin da ke hana mutum shi ne yana kan tallafin gwamnati ba don naƙasa ba, ko an ayyana shi a matsayin wanda ya karye bai fita ba, ko kotu ta sa masa kuɗin kula da 'ya'ya ya ƙi biya, ko an taɓa kama shi da laifin cin zarafi. Mazauna Kebek kuma suna da ƙarin mataki, sai sun sa hannu a wani alkawarin da gwamnatin lardin, kuma jiransu ya fi na sauran tsawo.

Mai Neman Sani:
Ku yi haƙuri in sako tawa, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Tambaya biyu ce, ta wani na kusa da ni. Yana da mata biyu, uwargida ba ta son tasowa, amarya yake son kawowa. Sannan yana da ɗa da wata da suka rabu tun da daɗewa, bai rubuta shi ba lokacin da ya nemi tasa takardar, don an ce masa zai jawo jinkiri.

Malam Na Otawa:
Duka biyun masu nauyi ne, ɗan'uwa. Ta farko, Kanada ba ta ƙirga auren da aka ɗaura alhali mutum na da wani auren a kansa. Auren farko kaɗai suka sani. Zama da mata fiye da ɗaya a cikin ƙasar ma laifi ne a sashe na 293 na kundin manyan laifuka. Yardar uwargida ba ta sauya komai a wurinsu. Kuma kada wani ya ba shi shawarar ya samo takardar sakin bogi alhali aure na nan, wannan zalunci ne ga uwargidan kafin ma a zo maganar hukuma.

Ta biyun ta fi ba ni tausayi, don yaron bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙa'idar ita ce duk wanda yake iyalinka a lokacin da ka nemi zama na dindindin, mata ko ɗa, in ba ka bayyana shi an duba shi ba, ba za ka iya ɗaukar nauyinsa daga baya ba. Ba ta da wa'adi. Tun 2019 an kawo wani sassauci, amma na wasu rukunoni ne, kamar waɗanda suka shigo a matsayin 'yan gudun hijira ko waɗanda su ma ɗaukar nauyinsu aka yi, bai haɗa kowa ba. Ga kuma haɗarin da ke kan tasa takardar tunda ya ɓoye bayani. Wannan ba maganar da za a warware a nan ba ce, ya ga lauyan shige da fice kafin ya tura ko da shafi ɗaya.

Sabon Ango, wannan ya tuna mini in tambaye ka: ka riga ka samu takardarka kafin a ɗaura auren, ko bayan an ɗaura?

Sabon Ango:
Kafin ne Malam, da tazara mai yawa. Ko neman auren ban fara ba lokacin.

Malam Na Otawa:
Alhamdu lillahi, to wannan ƙofar ba ta shafe ka ba. Na tambaya ne don akwai masu yin aure tsakanin amincewa da fayil da ranar shigowa, su shigo a matsayin marasa aure ba su sanar ba. Nan ne mutane da yawa suka rufe wa matansu hanya da hannunsu.

Ɗan Gari:
To na ji, na janye maganar ɓoyewa. Amma lauya lauya da kuke ta faɗa, kun san kuɗinsu kuwa? Akwai ejan da na sani yana cike komai a kan kuɗi kaɗan, kuma mutane sun samu ta hannunsa.

Antin Toronto:
Ka tambaye shi lambar lasisinsa. Waɗanda doka ta yarda su karɓi kuɗi a wannan aiki su ne lauyoyi da mataimakansu masu rajista da ƙungiyar lauyoyin lardi, notarorin Kebek (masu lasisin tsarawa da tabbatar da takardun doka), da masu ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, wadda ta fara aiki a 2021. Sunayensu na shafin intanet, kowa na iya dubawa. Na gaske zai sa sunansa a fom ɗin IMM 5476 a matsayin wakilinka. Wanda ya ce ka tura kamar kai ka cike da kanka, ya san abin da yake gudu. Duk abin da ya ƙara na gishiri, kai da matarka za ku amsa shi, shi yana gefe.

Kuma ba dole ne a ɗauki kowa ba. Fayil ɗin da ba shi da sarƙaƙiya, mutum na iya yi da kansa, tun Satumban 2022 ma ta intanet ake turawa. Kuɗin hukuma bayan ƙarin Afrilun 2024 ya kama dala 1,205, da dala 85 na ɗaukar hoton yatsu, ban da gwajin lafiya da takardar 'yan sanda. A duba shafinsu kafin a biya don suna sauyawa. Na Sabon Ango ne ke da ƙulli, shi ma ba sai ya ba lauya dukan aikin ba, zama ɗaya na shawara a kan maganar sake ɗaura auren zai iya isarsa.

Sabon Ango:
Na yi magana da ita da kuma mahaifinta, na karanta musu abin da kuka rubuta. Mun tsaya a kan zan nemi hutu in je, bayan lauya ya tabbatar mana da maganar rajista. Abin da ya rage mini: in an gama, in tura tana can, ko in yi ƙoƙarin ta shigo tukuna in tura daga ciki? Na ji an ce na ciki ana ba da izinin aiki.

Maman Amira:
Ni ta ciki aka yi mini, kuma na ji daɗin izinin aikin, don zaman gida a ƙasar da ba ka san kowa ba yana cin rai. Amma ban iya zuwa ko'ina ba har aka gama. An gargaɗe ni in na fita aka hana ni dawowa, fayil ɗin ya lalace.

Malam Na Otawa:
Ni a naka yanayin ta waje zan zaɓa, ko da ta samu bizar ziyara. Dalilina ɗaya ne: ɗaukaka ƙara. In aka ƙi fayil ɗin waje, kana da kwana 30 ka kai ƙara sashen ɗaukaka ƙara na IRB, hukumar da ke sauraron ƙararrakin shige da fice da na 'yan gudun hijira, inda za a saurare ku da baki, ku kawo sababbin shaidu. Na ciki ba shi da wannan, sai dai Kotun Tarayya, ita kuwa duba take ko jami'i ya bi ƙa'ida, ba sake sauraron labarinku za ta yi ba. Mai fayil da ke da abin tambaya a ciki bai kamata ya yar da wannan dama ba. Maganar izinin aiki kuma, tun 2023 aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu fayil ɗin waje da ke zaune a Kanada tare da mai ɗaukar nauyinsu.

Antin Toronto:
Na goyi bayan Malam. Ƙari kaɗan a kan shaidu, don nan ake yawan kuskure. Kada ka tura tarin hira mai shafi ɗari, jerin abubuwan da ake buƙata ya faɗi iyakar abin da za a sa, ka bi shi. Ka zaɓo daga farkon haɗuwarku zuwa yau, a ga tafiyar lokaci. In da Hausa kuke hira, sai an fassara zuwa Turanci ko Faransanci, kuma ba kai ba, ba ita ba, ba ɗan'uwanku ba ne zai fassara. Tikitin jirgi, hatimin fasfo, rasit ɗin kuɗin da kake aika mata, sunanta a inshorar wurin aikinka, duk ka adana. Takardar 'yan sanda za ta kawo daga ƙasar da take zaune da duk inda ta yi wata 6 a jere tun ta cika shekara 18. Gwajin lafiya a wurin likitan da IRCC ta amince da shi kawai ake yi, kuma wata 12 yake aiki, don haka ta jira umarninsu.

Wata 12 ne ma'aunin da suka sa wa kansu tun 2016, amma yana iya wucewa, musamman in an kira ta intabiyu. Kada ta bar aiki ko karatu, kada ta sayar da kayanta, sai takardar tabbatar da zamanta na dindindin ta zo hannunta. Kuma ka ba ta kwafin duk abin da ka tura ta karanta da kanta, don in an kira intabiyun ita za ta zauna a gaban jami'in, ba kai ba.